Muryoyin Wa'azi Daga Jos: Yadda Suka Riƙa Isowa Kurmi a Zamanin Gajeren Zango

Duk wanda ya zauna a Kurmi tsakanin shekarun 1970 da na 1990, ko a Sabo ta Ibadan ne, ko Agege, ko Idi-Araba, ko Ama Hausa ta Owerri, ya san cewa akwatin rediyo ba kayan ado ba ne a ɗakin Bahaushe. Da shi ake jin an ga wata, da shi ake jin rasuwar manya, kuma da shi ake karatu. Yaranmu da aka haifa a nan suna cin karo da guntayen wa'azin malaman wancan lokaci a waya, minti biyu ko uku, ba kai ba gindi. Sun san sunayen, amma ba su san ta wace hanya muryoyin suka iso wa iyayensu ba, balle abin da suka tarar a unguwanninmu da abin da suka bari.

Ni haifaffen Jos ne, a can na yi wayo kafin neman abinci ya kawo ni Legas, saboda haka ta fuskar Jos zan ɗauko maganar. Garin ya fitar da masu wa'azi masu jan hankali, na masallaci da na majami'a, kuma dukkansu da Hausa suke yi. Sai dai ba ta gidan rediyon Jos ɗin kansa suka fi isowa Kurmi ba. Muryoyin sai da suka yi zagaye: wasu ta Kaduna, wasu ta ƙasashen waje, wasu kuma a cikin aljihun direbobin kayan gwari.

Me ya sa Jos

Haƙar kuza ce ta tara mutane a Jos tun farkon ƙarni na 20. Hausawa, Barebari, Nufawa, Yarbawa da Ibo suka tarar da Birom, Anaguta da Afizere, kuma Hausa ta zama harshen kasuwa da na wurin aiki. 'Yan mishan ma sun zaɓi garin saboda sanyinsa. Mishan ɗin SIM ya yi babban mazauninsa a can, daga cikinsa ne cocin ECWA ya fito a 1954, kuma har gobe hedikwatar ECWA da ta COCIN da ta TEKAN duk a Jos suke. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, don haka majami'un Filato da Hausa suke sujada. A ɗaya ɓangaren, a Jos aka kafa ƙungiyar Izala a farkon 1978. Gari ɗaya, harshe ɗaya, masu kira iri biyu, kowa na neman hanyar da muryarsa za ta yi nisa.

Gajeren zango da matsakaici

Dole a ɗan yi bayanin wannan, don shi ne tushen komai. Tashar da ke kan matsakaicin zango ba ta cika wuce jiharta da maƙwabta da rana ba. Gajeren zango kuwa sama yake tashi, ya bugi wani sashe na sararin samaniya, ya dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwa ko dubban kilomita. Shi ya sa mutumin Fatakwal zai iya kama Kaduna, kuma shi ya sa murya take zuwa tana tafiya kamar ana kaɗa ta da iska.

Lokacin da gwamnatin soja ta kafa Hukumar Rediyon Tarayya a ƙarshen shekarun 1970, sai ta taƙaita gidajen rediyon jihohi a kan matsakaicin zango. Rediyon Filato na cikinsu. Rediyon Kaduna kuwa, wanda gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1962, ya ci gaba da gajeren zangonsa, kuma sashen Hausa yana kan mita 49. Tsofaffinmu da ba su yi boko ba sun san inda 49 take a jikin gilashin rediyo, wasu ma har ɗigon jan farce suke sa wa wurin. Sannan kafin 1992 ba a yarda wani ya mallaki gidan rediyo ba sai gwamnati, kuma ko bayan an buɗe ƙofa, dokar ba ta yarda a ba ƙungiyar addini lasisi ba. Malami ko fasto, in yana son a ji shi, ko dai ya samu gurbi a gidan gwamnati, ko ya nemi tasha a wajen ƙasa.

Tafsirin Kaduna

Muryar da ta fi kowace shiga gidajen Jos da na Kurmi ba ta ɗan Jos ba ce. Ta Shehu Abubakar Mahmud Gumi ce, wanda ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Arewa daga 1962 zuwa 1967. Yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello da ke Kaduna, kuma tun wajen ƙarshen shekarun 1960 Rediyon Kaduna ke ɗauka yana watsawa.

Wanda bai ji shi ba zai ɗauka mai tsawa ne, saboda irin ƙurar da maganganunsa suka tayar. Ko kusa. A hankali yake magana, da gajerun jimloli, ba ya ƙawata zance, ba ya jan murya. Mai jan baki ya karanta aya, shi kuma ya fassara da Hausar da ɗan dako zai gane, ya ɗan yi sharhi, a wuce. A ganina wannan ne sirrinsa: ya dace da rediyo. Kana zaune a shago kai kaɗai sai ka ji kamar da kai yake. Kafin shi, mai son jin ma'anar Alƙur'ani sai ya je zauren malami ya durƙusa, ya bi littattafai ɗaya bayan ɗaya shekara da shekaru. Yanzu ga ma'anar ta iso ɗakin matan aure da teburin mai shayi, ba tare da neman iznin kowa ba. A 1972 ya fitar da littafinsa na Larabci kan ingantacciyar aƙida, inda ya soki ɗariƙun sufaye kai tsaye, kuma sukar ta riƙa fitowa a cikin tafsirin. Daga baya ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya samu lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, ya rasu a Landan a watan Satumba 1992.

To, ku dubi inda wannan murya ta sauka. Sabo ta Ibadan tun farkon shekarun 1950 ta rungumi Tijjaniyya ta hannun almajiran Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, kuma wazifar yamma ita ce ke haɗa fatake da masu masauki da 'yan kamasho wuri guda. Haka yawancin zangunanmu suke. Ɗariƙa a nan ba ibada kaɗai ba ce, ita ce amanar da ake ba da bashin goro da shanu a kanta. Sai ga akwati a kan benci yana cewa a sake duba abin. Yaro ya ji, ya je ya tambayi ubangidansa. Ba ƙaramin abu ba ne.

Malaman ɗariƙa ba su yi shiru ba. Sun matsa cewa gidan rediyon na kowa ne, har aka raba lokacin tafsirin azumi. An fara da Shehu Umaru Sanda, sannan daga 1980 Shehu Dahiru Usman Bauchi ya karɓa, yana yi daga Tudun Wadar Kaduna. Kai, wannan kuma wani salo ne daban. Mahaddaci ne, aya na kiran aya a bakinsa, ya ɗauko ta nan ya fassara ta da ta can, ga zaƙin harshe, ga habaici, ga raha. Idan Gumi kamar hira yake da mutum ɗaya, Shehu Dahiru da taro yake magana, kana jin kabbarar jama'a da dariyarsu ta cikin akwatin, har ka ji kamar ka matsa a ba ka wurin zama.

Shekaru goma sha biyu aka yi a haka, har rasuwar Gumi. Ba sa zama wuri ɗaya, kuma ba lallai a ambaci suna ba, amma mai sauraro ya san wannan magana amsar waccan ce. Na sha ganin haka a Agege: bayan an sha ruwa an yi asham, a kewaye rediyo ɗaya, National ko Philips, an ɗaura wa eriya waya an maƙala a kwanon rufi. Masu goyon bayan wannan su saurari na wancan don su samu abin kamawa, su ma waɗancan haka. A ƙarshe kowa ya ji duka biyun. Mutane da yawa da ke musu a kan ƙabalu da sadalu, ko Salatul Fatihi, ko Maulidi, a wannan benci suka fara jin hujjar abokin musunsu daga bakin malaminsa, ba daga bakin mai kai gulma ba. Wannan abu ɗaya na fi kewa. Yau waya tana kawo maka wanda kake so ne kawai.

Kano ma tana da nata, Shehu Nasiru Kabara da Malam Isa Waziri, amma su a gidajen jiha aka fi jin su, sai dai kaset ya kawo mana.

Shehu Isma'ila Idris da zamanin kaset

Ɗan Jos na gaske a wannan fage shi ne Shehu Isma'ila Idris, duk da cewa asalinsa ƙasar Bauchi ne. Ya yi karatu a Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, ya ɗauki ilimi a wurin Gumi, sannan ya shiga soja a matsayin limami. Aikin ya kai shi Kaduna, ya kawo shi nan Ibadan na ɗan lokaci, ya mai da shi Kwantagora, kafin ya dire a barikin Rukuba da ke Jos. A can ya bar kaki ya kafa Jama'atu Izalatil Bid'a wa Iƙamatis Sunna a 1978, ya jagoranci malamanta, kuma da ƙungiyar ta rabu gida biyu a farkon shekarun 1990, shi ne jagoran ɓangaren Jos har ya rasu a watan Janairu 2000.

Abin da Gumi ke faɗa a zaune cikin sanyin murya, Shehu Isma'ila a tsaye yake faɗarsa, da muryar da ta saba da filin fareti. Ba ya kwana-kwana. Irin wannan wa'azi ba a ɗakin ɗaukar shiri yake rayuwa ba, sai a fili, da lasifika, da dubban mutane, da 'yan agaji cikin kaki suna tsare layi. Abin da ya kai shi nesa kuwa kaset ne. Gidan rediyon gwamnati yana da shugaban shirye-shirye mai almakashi. Kaset ba shi da kowa.

Yadda abin ke tafiya shi ne, a yi wa'azin ƙasa a wani gari ranar Asabar, masu rikoda su jera akwatunansu a gaban lasifika. Kafin mako ya zagayo an kwafe shi a shagunan da ke kewayen Masallacin Juma'a da Taminus. Direban da ya yi lodin tumatir da kabeji a Farin Gada, ko dankalin Turawa daga Bokkos, ko shanu daga karar Bukuru, ya saya ya sa a mota. Tafiyar kusan kilomita dubu ce zuwa Legas, kafin ya iso Mile 12 ya haddace rabi. Ya sauke kaya, ya bar wa mai masaukinsa kaset ɗin, washegari an kwafi goma. Kuma da yake rediyo mai kaset ake sawa, yara da yawa a lokacin sun ɗauka a gidan rediyo malamin yake magana.

Rashin almakashin nan yana da amfani, yana kuma da tsada. Maganar da aka yi wa taron Jos, inda kowa ya san kowa, sai ta faɗo a unguwar da Hausawa 'yan tsiraru ne, masallacinsu ɗaya, sarkinsu ɗaya. An samu waɗanda suka daina bin limamin da suka shekara ashirin suna bi, an samu ɗa da uba ba sa cin yankan juna. A wurare da dama masallaci ɗaya ya zama biyu. A ɗaya hannun, makarantun Islamiyya na matan aure da na dare da muke gani yau a kusan kowace unguwar Hausawa a Kurmi, da yawansu daga wannan guguwa suka fito, kuma 'yan ɗariƙa ma suka buɗe nasu don kada a bar su a baya. Duk wanda zai ba da tarihin nan da gaskiya sai ya faɗi biyun.

Muryar Bishara da ELWA

Wannan sashe ne Musulmi da yawa ba su sani ba, alhali maƙwabtanmu ne suka rayu da shi. Masu jin Hausa a Kurmi ba Musulmi kaɗai ba ne. Akwai sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan jirgin ƙasa da masu gadi daga Filato, Kudancin Kaduna, Adamawa, Gombe da Bauchi, Kiristoci ne, kuma Hausa ce harshen addu'arsu. Kafin sashen Hausa na majami'un ECWA da COCIN ya yawaita a biranen nan, rediyo ne cocin da yawansu.

Tasha ta farko ita ce ELWA, wadda mishan ɗin SIM ya buɗe kusa da Monrobiya ta ƙasar Laberiya a watan Janairu 1954. Tana da ɗakin ɗaukar shiri a Jos don Hausa, da wani a Igbaja don Yarbanci. A ɗauki wa'azi da waƙoƙi a tef a Jos, a aika Laberiya, daga can a watso shi ya dawo Najeriya. Wato muryar fasto ta tsallake ƙasashe da dama ta dawo, kafin matarsa ta ji shi a cikin ɗakinta.

Ta biyu ita ce wadda muka sani da Muryar Bishara. Uwar tashar a Addis Ababa take, Tarayyar Majami'un Lutheran ta Duniya ce ta gina ta, Sarki Haile Selassie ya buɗe ta a watan Fabrairu 1963, da na'urori biyu masu ƙarfin kilowat 100 kowace. Ba a can ake shirya yawancin shirye-shiryen ba. Kowane yanki yana da ɗakinsa: na Hausa a Jos, na Fulatanci a Ngaundere ta Kamaru mai suna Sawtu Linjiila. Tsarin tashar shi ne kashi 30 cikin ɗari wa'azi, kashi 70 labarai da ilimi da kiwon lafiya da noma. Saboda haka ne ma na san Musulmi da ke murɗawa can don labaran duniya, in an zo wa'azi su rage murya, wani lokaci kuma su manta ba su rage ba.

Salon masu bisharar rediyo ya sha bamban da na malamai. Babu taro, babu mai jan baki. Mutum ɗaya ne a gaban makirfo, ya karanta 'yan ayoyi, ya kawo misali da gona ko kasuwa ko rashin lafiyar yaro, ya rufe da addu'a, sai zumuntar mata su ɗauka da tulu da kacau-kacau. Hausarsu tana da nata ɗanɗano, ta Filato da ta Numan, da kalmomi irin su ceto, alheri, Almasihu, ikilisiya. Sukan karanta wasiƙun masu sauraro, kuma ga sojan da ke barikin Ikeja ko Inugu, jin an kira sunan ƙauyensu daga Habasha ba ƙaramin abu ba ne.

Su ma suna da nasu mai tsawa. Paul Gindiri, wanda ya fara da tuƙin mota kafin ya zama ɗan kasuwa, shi ne fitaccen mai wa'azin fili na ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, wadda aka kafa a Jos a farkon shekarun 1960. Da Hausa yake yi, a kasuwa da bakin titi, yana mayar wa masu wa'azin Musulmi martani ba tare da sassautawa ba. Mabiyansa na ganinsa jarumi, Musulmin Jos da yawa kuwa suna jin zafin kalamansa, kamar dai yadda Kiristoci ke jin zafin na wasu malamanmu. Ya rasu a 1996. Shi da Shehu Isma'ila zamani ɗaya suka yi a gari ɗaya, kuma idan ka cire abin da kowannensu ke kira zuwa gare shi, kayan aikinsu iri ɗaya ne: fili, lasifika, Hausa da kaset.

Siyasar wasu ƙasashe ce ta katse muryar tashoshin biyu. A watan Maris 1977 gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar Addis Ababa ta mai da ita muryar juyin juya hali. ELWA kuma yaƙin basasar Laberiya ya rusa ta a 1990.

Inda muryoyin suke yanzu

Tafsirin Gumi da na Shehu Dahiru an fi samun su, don almajiransu sun juye da yawa zuwa faifai da memori, wasu na YouTube da Facebook. Na Shehu Isma'ila ma akwai, sai dai yawanci ba a rubuta gari ko shekara ba, ka ji ana ta magana a kan wani lamari ba ka san wanne ba. Na Muryar Bishara da ELWA su suka fi wuyar samu. Jos kanta ta yi asara: rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba 2001 da waɗanda suka biyo baya sun ci gidaje da shaguna, babbar kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairu 2002, mutane sun yi ƙaura daga unguwa zuwa unguwa da abin da hannu zai iya ɗauka. Buhun kaset ba ya cikin abin da mai gudu ke ɗauka.

Shi ya sa nake ganin wani kaso mai kyau na wannan tarihi yana nan Kurmi, a ƙarƙashin gadajen iyayenmu da cikin tsofaffin akwatunan ƙarfe, TDK da Maxell masu minti 60 da 90. Matsalar ita ce damshin nan namu ba ya raga musu. Zaren yana yin fumfuna, ya manne, in ka sa a rikoda ya tsinke. Wanda ya samu irin wannan kada ya yi gaggawar kunnawa. A fara ajiye shi a wuri busasshe, ba a rana ba, a sa biro a juya zaren a hankali daga farko zuwa ƙarshe, sannan a kai wa masu juyawa zuwa kwamfuta. A ɗauki hoton rubutun da ke jikin kwalin, a tambayi dattijon da ya saya a ina aka yi wa'azin da kuma wace shekara, a rubuta.

Waɗanda aka ɗauka kai tsaye daga rediyo sun fi na shago daraja, ko da suna da ƙara. A cikinsu ne ake jin muryar mai gabatarwa yana faɗin sunan tasha da mita, da ko nawa ga azumi, wani lokaci har da sanarwar da ta biyo bayan tafsirin kafin mai ɗauka ya tashi ya kashe.